Tutar Rasha, harsashin 'yan sanda da tuhumar cin amanar ƙasa: amsa ga mai tambaya daga Kano

"Barista, salamu alaikum. An kama ƙanena a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, don an gan shi cikin masu ɗaga tutar Rasha. Ya yi makonni a tsare kafin a sake shi, har yau kuma ba wanda ya ce masa ga laifinsa. Gidanmu ya rabu biyu. Mahaifinmu yana cewa amfani aka yi da yaran nan, 'yan waje ne suka biya, 'yan sanda kuma aikinsu suka yi. Ni ina ganin zalunci ne. Don Allah, ɗaga tutar wata ƙasa cin amanar ƙasa ne? Doka ta ba ɗan sanda damar harbin mai zanga-zanga? Kuma akwai abin da za mu iya yi yanzu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kuma kiyaye gaba. Tambayarka uku ce a dunƙule: matsayin tuta a doka, iyakar ƙarfin da ɗan sanda zai yi amfani da shi, da haƙƙin ƙanenka. Akwai kuma ta huɗu da ba ka furta ba amma ita ce ta raba gidanku, wato wa ya kawo tutar nan tun farko. Da ita zan fara, domin in ba a warware ta ba, kai da Baba ba za ku ji juna a kan sauran ba.

Yadda tutar ta shigo

Ka tuna halin da ake ciki a lokacin. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli. An saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kusan naira 460 ta kai wajen 1,500 a shekarar 2024. A watan Yunin 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, ta abinci kuwa ta haura kashi 40. Waɗannan alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa ne. A gidajenmu ma'anarsu ita ce magidanci ya fita da asuba ya dawo da kwanon masara ɗaya, ko ya dawo hannu rabbana. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ana saura kwana uku a fara zanga-zangar, to amma mai tura baro da ɗan adaidaita sahu da almajiri ba sa cikin jerin masu albashi.

Sai batun Nijar, wanda masu sharhi daga Legas da Abuja suka kasa fahimtar nauyinsa a wajenmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ƙarƙashin shugabancin Tinubu ta saka takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, har aka yi barazanar yaƙi. Mutumin Jibiya ko Illela ko Maigatari ko Kwangwalam bai ɗauki Maraɗi da Ƙonni da Damagaram a matsayin wata ƙasa ba. Can ne surukansa suke, can yake sayo dabba, can yake kai hatsi. Shi ya sa sanatocin Arewa suka ƙi amincewa da yaƙin, malamai kuma suka ɗau hanya zuwa Yamai neman sulhu. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma tabon ya riga ya zauna, kuma mutane da yawa sun karanta lamarin a matsayin aikin da aka yi wa Faransa.

Cikin wannan shekarar ce matasanmu suka yi ta kallon bidiyo a TikTok da Facebook na taron jama'a a Yamai da Bamako da Wagadugu, ana ɗaga tuta mai fari da shuɗi da ja, ana korar sojan Faransa. Sun ga Faransa ta kwashe sojojinta daga Nijar a Disambar 2023, sun ga Amurka tana tattara kayanta daga Agadas. A idon yaro ɗan shekara goma sha bakwai a Kurna ko Rijiyar Lemo, tutar nan ta zama alamar talaka ya ce wa manya a'a kuma an ji shi. Ita ya ara.

Na zauna da matasa da dama da aka tsare a wancan watan, a Kano da Kaduna. Ina yi musu tambaya ɗaya da gangan: menene sunan babban birnin Rasha? Kaɗan ne suka sani. Wani ya ce mini shi dai ya ga kowa yana riƙe da ita, wani ya ce ɗari biyar ya saye ta a bakin titi. Akwai wanda ya ce wani mutum ne a mota ya raba musu, kuma ba zan ɓoye wannan ba domin a nan maganar Baba take da ƙafa. Yadi ba ya ɗinka kansa, wani ya biya tela. Hukumar DSS ta sanar da kama wasu teloli a Kano, an kuma tsare wasu 'yan ƙasar Folan su bakwai, ɗalibai da malaminsu daga jami'ar Waso da suka zo nazarin Hausa, daga baya aka sake su kafin ƙarshen watan ba tare da an gurfanar da su ba. Ofishin jakadancin Rasha ya fito ya ce babu hannunsa. Ni lauya ne, abin da aka ajiye a gaban kotu shi nake aunawa, kuma ba a kai ga yanke wa kowa hukuncin karɓar kuɗin wata gwamnatin waje ba a shari'ar yaran nan. Wanda ya biya telan zai iya zama ɗan siyasar unguwa mai neman ɓata abokin hamayya, zai iya zama ɗan kasuwa da ya hango ciniki. Ko ma wanene, ya tarar da busasshen ciyayi ne ya ƙyasta ashana. Yunwar ba shi ya kawo ta ba.

Ina so ka faɗa wa ƙanenka wani abu daga gare ni, cikin ƙauna. Masu kiran "soja muke so" a ranakun nan sun yi kuskure babba. Mu da muka yi wayo a zamanin soja mun san Doka ta Biyu ta 1984, wadda ake tsare mutum da ita ba shari'a, kotu kuma ba ta da ikon tambaya. Da ƙanenka a ƙarƙashinta aka kama shi, da ba ka da wanda za ka rubuto wa wannan tambaya. Rasha kuma ba uwar marayu ba ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura na Mali a watan Maris na 2022, a farmakin sojan ƙasar tare da baƙin mayaƙa fararen fata, waɗanda akasarin masu bincike suka alaƙanta da sojojin hayar Wagner. Mutanen da suka mutu a can talakawa ne masu cin kasuwa, irinmu.

Shin cin amanar ƙasa ne?

Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya fito bayan taron tsaro a fadar shugaban ƙasa ya ce ɗaga tutar wata ƙasa cin amanar ƙasa ne. Ina girmama muƙaminsa, amma laifi a Najeriya ba furucin jami'i ke ƙirƙirarsa ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta fayyace ta kuma faɗi hukuncinsa. Cin amanar ƙasa a dokokin laifukanmu shi ne ɗaura yaƙi da ƙasa domin tursasa shugaban ƙasa ko gwamna, ko haɗa baki don yin hakan, ko ingiza baƙo ya kawo wa ƙasar mamaya da makami. Akwai kuma laifukan da ke ƙasa da shi, kamar ƙulla niyyar tsige shugaba ta hanyar da tsarin mulki bai yarda ba tare da aikata wani abu a fili da ke nuna niyyar. Mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar da niyya da shiri da aiki. Yaro riƙe da ƙyalle mai launi uku a kan sanda, cikinsa ba komai, bai cika ko ɗaya daga ciki ba. Idan ya fasa shago ko ya ƙona mota, akwai laifin sata da ɓarna da tayar da tarzoma, a tuhume shi da su.

To me ya sa aka zaɓi babbar tuhumar? A nan ne aikin da muke yi kullum a caji ofis yake buɗe ido. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Amma sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Cin amanar ƙasa kuwa hukuncinsa kisa ne. Da zarar an rubuta wannan kalma a takardar tuhuma, beli ya yi nisa, majistare ba ta da hurumi, ana iya ɗauke mutum daga Kano a kai shi Abuja inda iyayensa ba su da kuɗin motar zuwa. Aka haɗa da dokar ta'addanci ta 2022, wadda ta ba da damar neman izinin kotu a tsare mutum kwana 60, kuma an nemi izinin an samu a kan mutum fiye da ɗari. Tuhumar ta yi aikinta tun kafin a buɗe shari'a, domin tsarewar ita ce horon.

Duniya ta ga ƙarshen abin a ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, cikinsu da yara da dama, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita. Aka sanya belin naira miliyan goma a kan kowannensu. Da hotunan suka bazu, shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, Antoni Janar ya janye ƙarar, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya karɓe su a fada ya miƙa su ga gwamnoninsu. Na yi murna da sakinsu har cikin raina. Amma ka lura: laifin da aka ce ya kai a rataye mutum ya narke cikin kwana huɗu da hoto ya fita. Wannan kaɗai ya isa amsa ga tambayarka ta farko.

Harsashi

Yin zanga-zanga cikin lumana haƙƙi ne a sashe na 40. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke tun 2007, a shari'ar Sufeto Janar da jam'iyyar ANPP, cewa neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan aka sanar da su taro ko jerin gwano, aikinsu shi ne su ba da tsaro.

Gaskiya ne sashe na 33 ya bar ƙofa. Ya ce ba a ɗaukar mutuwa a matsayin tauye haƙƙin rayuwa idan ta faru ta hanyar amfani da ƙarfin da ya zama dole kuma doka ta yarda, wajen kare rai ko dukiya, ko kama mai laifi, ko murƙushe tarzoma. Da wannan ƙofa ake fakewa. Sai dai sharaɗin yana nan: ƙarfin ya zama dole, ya kuma yi daidai da barazanar. Rundunar da kanta ta sabunta umarninta mai lamba 237 a shekarar 2019, ta taƙaita harbi da bindiga ga inda rai ke cikin haɗari na nan take ko ake fargabar mummunan rauni. Tarwatsa taro ba ya cikin dalilan sakin harsashi mai rai. Gudu ba ya ciki. Karya dokar hana fita ba ya ciki.

Dole a yi wa Baba adalci a nan ma. A ranar 1 ga Agusta an wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a Kano tun ba a buɗe ta ba, an fasa shaguna da rumbuna, an shiga harabar kotu an yi ɓarna, 'yan daba sun fito da makamai, har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. An raunata 'yan sanda. Na san kurtun da ya tsaya tun asuba ba ruwa ba abinci, ba garkuwa, ba hular kwano, da ƙyar aka ba shi gwangwanin barkonon tsohuwa, sai bindiga ƙirar AK a kafaɗa. Idan ka tura mutum gaban dubban fusatattu kuma abin da ka ba shi kaɗai shi ne makamin yaƙi, ka riga ka yanke yadda ranar za ta ƙare. Laifin wanda ya danna kunamar yana nan, amma na wanda ya tura shi a haka ya fi.

Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Borno da Neja, an kuma tsare fiye da 1,200. Rundunar 'yan sanda ta ƙaryata rahoton, ta nemi a ba ta haƙuri. A Samarun Zariya rundunar soja ta amsa cewa sojanta ne ya harbe wani yaro ɗan shekara 16, ta ce ta tsare shi. Abin da ya kamata ya raba gardama tsakanin Amnesty da 'yan sanda sananne ne: binciken musabbabin mutuwa a gaban majistare, da lissafin harsasan da aka fitar daga ma'ajiya da waɗanda aka dawo da su. Kowane ofis yana da littafin da ake rubuta wannan. A wajenmu akwai ƙarin wahala da nake cin karo da ita kullum. Mu Musulmi muna binne mamaci a ranar, iyali kuma suna ƙyamar a yanka gawa, sai su ce mun bar wa Allah. Ina fahimtar wannan, ni ma ɗan gidan ne. Amma sau da yawa da gawar ake binne shaidar. Ko hoton raunin da takardar likita da sunayen waɗanda suka yi wankan gawa, in an adana, suna iya tsayar da ƙara.

Ba yau aka fara ba. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa kan rikicin sojoji da 'yan Shi'a a Zariya na Disambar 2015 ya tabbatar da binne mutum 347 a kabari ɗaya. Kwamitin Legas ya binciki harbin masu zanga-zanga a Lekki na 20 ga Oktoban 2020, gwamnatin jihar ta yi watsi da muhimman sassan rahoton, sai kotun ECOWAS ce a watan Yulin 2024 ta ce an tauye haƙƙin masu ƙara. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, lokacin EndSARS, wato zanga-zangar neman a rushe sashen 'yan sanda na SARS, da yawanmu a Arewa mun ce rigimar 'yan Kudu ce, wasu ma sun yi gangamin goyon bayan SARS. Bayan shekara huɗu ruwan ya iso ƙofarmu.

Wasu suna ganin 'yan sandan jihohi ne mafita, tunda sashe na 214 ya ba da runduna ɗaya tak, kwamishina kuma yana iya ƙin umarnin gwamna har sai ya ji daga sama. Akwai hujja a ciki, ɗan gari ya fi sanin lungu. Ni dai ina ɗari-ɗari, domin dattawanmu sun ba mu labarin abin da 'yan dokar En'e suka yi wa 'yan jam'iyyar NEPU a shekarun 1950. In za a yi, a fara gina wanda zai binciki ɗan sandan kafin a miƙa wa gwamna bindiga.

Abin da ya rage a hannunku

Ƙanenka yana da ƙara. Sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Ana shigar da ita a babbar kotun jiha ko ta tarayya a ƙarƙashin ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan'adam na 2009, waɗanda suka ce wucewar lokaci ba ya kashe irin wannan ƙara, don haka kada wani ya ce muku kun makara. Idan an doke shi ko an azabtar da shi, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da hakan laifi a kan jami'in da kansa. Idan shekarunsa ba su kai 18 ba a lokacin kuma aka haɗa shi ɗaki da manya, wannan ƙarin hujja ce. Kuna iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, tana da ofis a Kano kuma ba a biyan ko kwabo, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko ku nemi lauyan gwamnati na kyauta a hukumar ba da agajin shari'a.

Ba zan yi maka alƙawarin kuɗi ba. Na taɓa samun hukuncin diyya ga wani matashi da aka tsare ba dalili, muka shekara biyu muna bin takarda daga tebur zuwa tebur, domin tsohuwar doka ta ce kafin a taɓa kuɗin gwamnati da ke hannun jami'i sai Antoni Janar ya yarda, wato sai wanda ake bi bashi ya ba da izinin a karɓa. Yaron bai ga kuɗin ba a lokacin. Amma ranar da aka nemi hana shi aiki saboda an ce an taɓa kama shi, takardar hukuncin nan ya fitar, ita ta wanke shi.

Abin da na faɗa a nan bayani ne na gaba ɗaya, lauyan da ya ga takardunku shi zai san ƙarfin ƙarar, musamman ko an samu izinin kotu kafin a ci gaba da tsare shi, domin wannan yana canza lissafi. Kafin ku je, ku zaunar da yaron ya rubuta ranar da aka kama shi da wurin, ofisoshin da aka kai shi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsaya masa beli, ko an karɓi kuɗi da nawa, da sunayen mutum biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya da shi. Ka roƙi Baba ya zauna a wajen lokacin da yake ba da labarin, ya ji daga bakin ɗansa.